Kanada ta halatta wiwi, wa ya ce maka ta halatta tuƙi da ita?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau dai za mu amayar da ita.

Ka zauna a fada bayan isha'i, shayi na kan gawayi, a ɗauko zancen wiwi. Ba za a rasa wani saurayi da zai gyara zama ya ce: "Ku mi kuka sani? Turawan da suka fi mu likitoci ma sun halatta ta. A Kanada shago kake shiga ka saya, ɗan sanda na kallonka." Ya gama faɗa, ya shanye kofinsa, ya tayar da babur ya tafi neman fasinja. Wani lokacin ma mai wannan magana direban mota ne, wanda gobe da asuba za a cika masa mota da mata da yara zuwa Ƙonni.

Ƙanenmu, rabin labari ka jiyo, kuma rabin da ka baro shi ne wanda ya shafe ka. Gaskiya ne Kanada ta halatta wiwi. Amma tun daga ranar har yau, ita da Jamus da jihohin Amurka da suka bi wannan hanya suna fama da wata tambaya da ba su gama warwarewa ba: in ɗan sanda ya tsayar da direba a bakin hanya, ta yaya zai gane wiwi ta taɓa masa kai? Masu kuɗi ne fa, da likitoci da ɗakunan gwaji, amma har yanzu amsar ba ta zauna ba. Bari mu ji abin da suka yi, sannan mu dawo gida.

Ranar 17 ga Oktoba 2018 aka fara sayar da wiwi bisa doka a Kanada. Tun watan Yuni na wannan shekara, kusan wata huɗu kafin a buɗe shago ko ɗaya, ƙasar ta riga ta gyara dokar hanya. Sinadarin da ke sa maye a cikin ganyen sunansa THC, kuma ana auna shi da nanogiram a cikin mililita ɗaya ta jini. Nanogiram kuwa shi ne ka raba giram ɗaya gida biliyan, ka ɗauki guda. Dokar ta ce wanda aka samu da nanogiram 2 zuwa ƙasa da 5 cikin awa biyu da yin tuƙi ya yi laifi, tararsa tana iya kai dalar Kanada 1,000. Wanda ya kai 5 ko ya wuce, karon farko tarar ba ta kasa dala 1,000, karo na biyu kwana 30 a gidan kaso, na uku kwana 120. Wanda ya haɗa da giya, nanogiram 2.5 ma sun isa su kai shi gaban alƙali. In kuwa ya kashe mutum yana cikin maye, hukuncin yana iya kai ɗaurin rai da rai. A lardin Ontariyo, matashin da bai wuce shekara 21 ba, da sabon direba, da mai jan babbar mota ko bas, ba a yarda a ga ko ɓurɓushinta a jikinsu ba.

Jamus ta halatta ta ranar 1 ga Afrilu 2024. A watan Agusta na shekarar ta tsayar da iyaka a nanogiram 3.5. Wanda ya wuce, Yuro 500 da wata ɗaya ba tuƙi. Yuro 500 ɗin nan kusan jaka 328 ke nan na kuɗinmu na sefa, ku lissafa kwana nawa ɗan kabu-kabu zai yi kafin ya tara su. In ya haɗa da giya, tarar ta zama Yuro 1,000. A Amurka kuwa, ko a jihar da ake sayar da ita a shago, direban tirela yana ƙarƙashin dokar tarayya, in gwaji ya kama shi an sauke shi daga mota.

To wanda yake kafa hujja da Kanada, ya ɗauki Kanada duka. Kada ya ɗauki shagon ya bar gidan kason.

Me ya faru a kan hanyoyinsu bayan an halatta? A lardin Biritish Kolambiya, likitoci sun bi jinin direbobi fiye da 4,000 da aka kawo manyan asibitoci huɗu bayan sun ji rauni a haɗari, aka buga sakamakon a watan Janairu 2022. Bayan halattawa, masu nanogiram 2 ko fiye suka ƙaru har suka kai kashi 8.6 cikin 100. Masu nanogiram 5 ko fiye suka tashi daga kashi 1.1 zuwa 3.5, ninki uku ke nan. A jihar Washinton ta Amurka, wadda ta jefa ƙuri'ar halattawa a 2012 tare da Kolorado, gidauniyar bincike ta ƙungiyar masu motoci ta AAA ta duba direbobin da suka shiga haɗarin da aka rasa rai. Masu THC a jini sun tashi daga kashi 8.8 a shekaru biyar na kafin dokar zuwa kashi 18 a shekaru biyar na bayanta.

Ba za mu yi muku ƙarin gishiri ba. Samun THC a jinin direba ba ya nuna lalle ita ta jawo haɗarin, kuma masu bincike sun yarda giya ta fi wiwi kisa a kan hanya nesa ba kusa ba. Amma duk inda aka tattara bincike-binciken aka auna, mai wiwi a ka ya fi wanda bai sha ba kusa da haɗari, in ya haɗa da giya kuwa abin sai addu'a. "Bai kai giya ba" ai ba shaidar lafiya ba ce. Kunama ma ba ta kai maciji ba, amma ba wanda ke sa ta a aljihu.

Mun san amsar da ke tafe, mun sha jin ta a tasha: "Ni in na sha natsuwa nake yi, idona ya buɗe, in ga hanya tar." Malam direba, an gwada wannan magana taka. A jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego an tara mutum 191, dukkansu masu sha ne na yau da kullum, ba sababbin shiga ba. Aka ba wasu ganye mai sinadari, wasu aka ba su na bogi, ba wanda ya san wanne ya samu, aka ce kowa ya sha yadda ya saba, sannan aka zaunar da su a motar gwaji ta kwamfuta. Bayan minti 30, waɗanda suka sha na gaske tuƙinsu ya lalace. Bayan awa ɗaya da rabi tuƙin bai gyaru ba, amma mafi yawansu sun ce sun warware, za su iya kama hanya. Sai wajen awa huɗu da rabi tuƙinsu ya daidaita da na sauran. An buga wannan a 2022. Ka ga inda gizo ke saƙar? Abin da wiwi take fara ruɗawa shi ne ma'aunin da kake auna kanka da shi. Lokacin da kake rantsuwa ka warware, lokacin ne ba ka warware ba.

Kuma lissafin hanya ba ya jiran kowa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ka makara da daƙiƙa ɗaya wajen taka birki, ka ci mita 25 ido buɗe. A kan babbar hanyarmu ta ƙasa mai lamba 1, tsakanin Tasawa da Maraɗi ko Madawa da Ƙonni, cikin mita 25 ɗin nan akwai amalanken jaki marar fitila, akwai garken awaki, akwai yarinya mai talla da ta hango mota ta tsaya a ƙetare.

Yanzu bari mu juyo wajen ɗaya ɓangaren, don su ma muna da magana da su. Su ne masu cewa: "Ai abu mai sauƙi ne, hukuma ta sayo na'ura ta raba wa jandarmomi, kowane direba ya hura, a kama masu laifi." Ranku ya daɗe, da haka abin yake da Kanada ta huta tun 2018.

Na'urar hurawa ta giya, wadda wani Ba'amurke mai suna Robert Borkenstein ya ƙera a 1954, tana aiki ne saboda halin giya. Giya tana narkewa cikin ruwan jiki, ta bazu ko'ina daidai wa daida. Abin da ke numfashi yana nuna abin da ke jini, abin da ke jini yana nuna abin da ke ƙwaƙwalwa, kuma tana fita daga jiki a hankali bisa tsarin da aka sani. Shi ya sa Faransa da Jamus suka iya tsayar da rabin giram a lita ɗaya ta jini, kowa ya san ma'anarsa. THC ba haka yake ba, shi maiƙo yake bi. Mutum na zuƙa, cikin 'yan mintoci ya cika jini, sannan ya zube da sauri ya shige ƙwaƙwalwa da kitsen jiki. Kafin a ɗauki direba daga bakin hanya a kai shi inda za a ɗebi jininsa, lambar ta faɗi ƙasa alhali kansa bai sauka ba. Shi kuma wanda ya shekara yana sha kullum, kitsen jikinsa yana ta sako sinadarin kaɗan-kaɗan. An tsare irin waɗannan mutane a asibitin bincike a Amurka ba su taɓa ganye ba, aka ci gaba da ganin THC a jinin wasunsu har kusan wata guda. Gwajin fitsari kuwa ya fi wannan nisa da gaskiyar bakin hanya, don labarin makonnin baya yake bayarwa.

Ma'ana, lamba ɗaya tana iya sakin wanda ya bugu, ta kama wanda ya sha shekaranjiya. Gidauniyar AAA ta faɗi haka a 2016, hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta maimaita a rahoton da ta kai wa majalisa a 2017, cewa yawan THC a jini ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan maye. Binciken San Diyego ma bai ga alaƙa tsakanin lambar jini da lalacewar tuƙi ba. Ku dubi lambobin da kanku: Kanada 2 da 5, Washinton 5, Jamus 3.5, Faransa kuwa da ba ta halatta ba ta ce ko ɗigo laifi ne. Jikin Bajamushe daban yake da na Bafaranshe? A'a. Kowace majalisa ta ja layinta ne inda ta ga dama, don ilimi bai ba ta layi ba.

Sai gwajin miyau, wanda jihar Biktoriya ta Ostireliya ta fara yi wa direbobi a bakin hanya tun 2004. Kanada ta amince da na'urar Dräger DrugTest 5000 a watan Agusta 2018. Ana goga ɗan sanda mai auduga a bakin direba, a sa a na'ura, a jira 'yan mintoci. Abin da take faɗa shi ne mutumin nan ya sha ba da daɗewa ba. Ba ta cewa ya bugu, ba ta cewa bai bugu ba. Shi ya sa a Kanada sakamakonta kaɗai ba ya ɗaure mutum, dalili ne kawai da ke ba ɗan sanda damar neman jini ko ƙarin bincike. Kuma an ƙera ta ta yi aiki tsakanin digiri 4 zuwa 40 na ma'aunin zafi. 'Yan Kanada suka yi ta ƙorafi cewa sanyin hunturunsu ya fi ƙarfinta. Mu fa? A Tawa ko Yamai, tsakar ranar Afrilu da Mayu, digiri 40 ai sannu da zuwa ne. Ƙari a kan haka, wadda Kanada ta amince da ita wiwi da hodar ibilis take nema. Direban da ya haɗiye tramol da shayin safe zai wuce ta salin-alin, ya ɗaga wa jandarma hannu. Mu kuwa mun san tramol ba baƙo ba ne a tashoshinmu.

A ce ma an sayo, ta yi aiki, ta nuna ja a wani shinge da ke daji tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Wa zai ɗebi jinin? A kai shi wane ɗakin gwaji, cikin awa nawa, a cikin wane sanyi? In ba a amsa waɗannan ba, abin da aka sayo sanda ce kawai. Mai kuɗi zai san yadda zai yi da ita, talaka ya kwana a rufe kan abin da ya sha ranar Juma'ar da ta wuce.

To a koma ga ido ke nan? 'Yan sandan Los Anjalas sun fara wannan tun shekarun 1970, har abin ya zama horo na musamman mai mataki 12, ana duba ƙwayar ido, bugun jini, zafin jiki da taurin tsoka. A bakin hanya kuma akwai gwaji uku da aka sani: direba ya bi yatsa ko alƙalami da ido ba tare da juya kai ba, ya taka tara a kan layi diddige na taɓa yatsa ya juyo, ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30. Wannan ba ya son batir, ba ya tsoron rana, kuma ba ruwansa da ko wiwi ce ko tramol ko gyangyaɗi. Amma shi ma kada a ɗauke shi wahayi. Masu binciken San Diyego ɗin nan sun kawo ƙwararrun 'yan sanda suka gwada mutanensu, aka buga a 2023. Sun gane kashi 81 cikin 100 na waɗanda suka sha na gaske, madalla. Sai dai sun ce kashi 49 na waɗanda suka sha na bogi ma a buge suke. Kusan rabin marasa laifi ke nan. Ido kaɗai yana zalunci, na'ura kaɗai tana zalunci. Abin da ƙasashen nan suka koya da tsada shi ne sai an haɗa uku: yadda aka ga mutum yana tuƙi, yadda ya yi a gwajin jiki, da abin da miyau ko jini ya nuna. Kowane ɗaya yana son horo, kuɗi da amana.

Me ya kawo mu duk wannan nisa? Don maganar tana matsowa. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ce babba yana iya shan wiwi a keɓe tun Satumba 2018. Maroko ta yi dokar nomanta don magani da masana'antu a 2021. Gana ma ta buɗe ƙofar noman irin da sinadarinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. A nan Nijar haramun ce a doka, bisa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, amma haramcin bai hana ta shigowa ba. A watan Maris 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai. Duk wanda zai zo mana gobe da zancen a sassauta don Turawa sun sassauta, to ya fara gaya mana yadda zai yi da hanya. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle gemun wanda ya fi ka ruwa a randa.

Kafin nan, akwai gwajin da ba ya jiran kuɗin Turai, kuma a hannunmu yake. Alhaji mai mota, ka san direbanka. Ka san inda yake zama kafin a yi lodi, ka san warin da ke rigarsa. In kana karɓar balas da yamma kana kawar da kai, da kai aka yi. Shugabannin tasha da 'yan kamasho, ku ne ke ganin idon direba kafin jandarma ya gan shi. Kuna da ikon hana mota layi saboda ba ta biya kuɗin ƙungiya ba, ashe kuna da ikon hana ta saboda direbanta ya fito daga bayan gareji ido jajur yana dariyar da ba dalili. Masu ba da babur haya, ku riƙa tambayar wa kuke ba makulli. Mu fasinjoji kuma mu daina jin kunyar da za ta kai mu kabari. Hajiya, in kin ga direba bai yi miki ba, ki sauka, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Asarar kuɗin mota ta fi zaman makoki sauƙi. Hukuma kuma, in za ta kashe kuɗi, ta fara da horar da jandarmomi da 'yan sanda yadda ake gane direban da ba ya cikin hayyacinsa, ko mene ne ya sha, da tsara inda za a tabbatar da zargi don kada a cuci kowa. Na'ura ta biyo baya.

'Yan uwanmu da ke jan taksi ko tirela a Kanada da Amurka, ku ma kada shagon kan kwana ya ruɗe ku. A Kanada, tun Disamba 2018 laifin tuƙi cikin maye ya shiga sahun manyan laifuka a dokar shige da fice, wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya rasa takardun zamansa a kansa. Shekara goma kana tarawa, dare ɗaya ya watsar.

Kai kuma ƙanenmu na fada, ba mu zo yi maka wa'azi ba, malamai suna nan, iyayenka suna nan. Magana ɗaya muke roƙo. Turawan da kake ambata, waɗanda suka sa hannu a dokar halattawa, in suka gan ka ka zuƙa ka hau babur ka goya matar wani da jaririnta, su ne na farko da za su karɓe makullinka. Gobe in za ka ba da labarin Kanada, ka bayar da shi har ƙarshe.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya, ya shiryi masu sha, ya ji ƙan waɗanda haɗari ya ɗauke mana. Amin.